Faifan da Ya Yi Kwantai Jiya, Ake Rububinsa Yau

A shekarar 1979 wasu samari uku a birnin Landan, Steven Stapleton da John Fothergill da Heman Pathak, suka fitar da faifan da suka ɗauka a sitidiyo. Babu gwanin kiɗa ko ɗaya a cikinsu. Gwanintarsu a saye take, domin sun daɗe suna zagaya shagunan tsofaffin fayafayai a Ingila da sauran ƙasashen Turai, suna tono abin da kowa ya juya wa baya. Suka raɗa wa ƙungiyarsu suna Nurse With Wound, suka buga kwafi 500 kacal. Abin da ke cikin faifan hayaniya ce wadda ba kowane kunne ke iya jurewa ba, kuma ba don ita ake tunawa da shi ba. Abin da ya yi tsawon rai shi ne jerin sunaye da suka haɗa da faifan, na makaɗa da ƙungiyoyin da suke ganin girmansu. Sunaye ne zalla, ba bayani, ba a ce wane daga ƙasa kaza yake ba, ba a ce ga faifan da za a nema ba. Da faifansu na biyu ya fito a 1980 suka ƙara wasu, jerin ya kai suna 291.

Wasu sunayen sanannu ne, kamar Frank Zappa da ƙungiyar Can ta Jamus. Mafi yawa kuwa ko masu shagon faifai ba su taɓa jin su ba. Nan fa farauta ta tashi. Mutane suka shafe shekaru suna bin jerin ɗaya bayan ɗaya, suna aika wasiƙa Faransa da Italiya da Suwidin, suna tambayar ko akwai wanda ya taɓa ganin faifan wane da idonsa. Stapleton ya ƙara wa wutar fetur da ya riƙa cewa wai wasu sunayen ƙirƙirarsu suka yi don su wahalar da mutane, maganar da Fothergill ya ƙaryata daga baya. Shekara arba'in bayan fitowar jerin, a 2019, kamfanin Finders Keepers na Ingila ya fara tattara kiɗan mutanen da ke cikinsa yana fitarwa ƙasa-ƙasa, ya soma da Faransa.

Wane irin kiɗa ne wannan?

Turawa suna kiran wani babban kaso nasa progressive rock, a taƙaice prog. Ya taso a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da wasu matasan makaɗa suka gaji da waƙar minti uku ta soyayya wadda gidajen rediyo ke so. Suka ɗebo daga kiɗan gargajiyar Turai mai goge da sarewa, suka ɗebo daga jaz, suka haɗa da jitar lantarki. Akan ɗauki faifan King Crimson na Oktoban 1969, In the Court of the Crimson King, a matsayin wanda ya buɗe ƙofa. Fuska ɗaya ta babban faifan garmaho tana ɗaukar kimanin minti ashirin, sai makaɗan suka ce to waƙa ɗaya ta cinye fuskar duka. Jethro Tull ma sun wuce nan a 1972, suka yi waƙa guda wadda ta cika fuska biyu, sai mai sauraro ya tashi ya juya faifan a tsakiyarta. Wanda ya taɓa kwana a gaban makaɗan fada da 'yan amshinsu ba zai ga tsawon waƙa abin mamaki ba. Masu gidajen rediyon Turai ne abin ya dama.

Akwai wata na'ura da ta ba wa kiɗan ƙamshinsa, wato Mellotron, wadda aka riƙa ƙerawa a Birmingham tun 1963. Kamar piyano take, amma a ƙarƙashin kowane madanni akwai guntun zaren kaset da aka ɗauki sautin goge ko sarewa ko muryoyin mutane a kai. In ka danna, zaren ya yi tafiyar daƙiƙa takwas ya ƙare, dole ka ɗaga yatsa ya koma. Nauyi gare ta, ga yawan lalacewa, kuma da wutar lantarki ta yi ƙasa sautinta yake karkacewa. Wannan karkacewar ce masoya kiɗan ke nema har gobe.

Manyan ƙungiyoyin irin su Yes da Genesis da Pink Floyd sun sayar da miliyoyi, babu wanda ya manta da su. Labarinmu na waɗanda ke bayansu ne. Da kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, kowanne ya kafa reshe na musamman: Philips ta kafa Vertigo, EMI ta kafa Harvest, Pye ta kafa Dawn, duka a 1969. Suka riƙa ɗaukar duk matasan da suka tara gashi suka iya riƙe jita, a ba su kwana biyu ko uku a sitidiyo, a buga 'yan kwafi kaɗan a jefa kasuwa. Wanda ya karɓu a ci gaba da shi. Wanda ya yi kwantai a soke shi daga kundin kamfani, ragowar a karyar da farashi ko a narke robar a buga wani faifan da ita. Tsadar mai ta 1973 ta sa robar faifai ta yi wuya, kamfanoni suka rage caca. Zuwa 1977 kiɗan punk mai gajerun waƙoƙi ya mamaye jaridun Ingila, prog ya zama abin dariya, makaɗansa da yawa suka koma neman abinci ta wata hanya.

Yadda faifai ke mutuwa

Kowane faifai da sanadin faɗuwarsa. Leaf Hound, wata ƙungiyar Landan mai kiɗa da nauyi, ta watse tun kafin Decca ta fitar da faifanta Growers of Mushroom a 1971. Babu mai yawon tallata shi, mawaƙinsu Peter French ya riga ya koma ƙungiyar Atomic Rooster. Yau kwafin asali mai kyau yakan kai dubban fam a wajen gwanjo. Kiɗan yana da daɗi, amma gaskiya ba daɗinsa ake saye da wannan kuɗi ba, ƙarancinsa ake saye. Wannan abu ne da ya kamata duk mai shiga harkar ya sani tun farko: tsadar faifai ba shaidar kyansa ba ce. Cikin fayafayan da ake yi wa kirari da ɓatattun lu'ulu'u, da yawa kasuwar wancan zamani ba ta zalunce su ba, kwaikwayo ne na waɗanda suka fi su.

Amma akwai waɗanda aka zalunta. Museo Rosenbach matasa ne daga garin Bordighera a gaɓar tekun Italiya. A 1973 kamfanin Ricordi ya fitar da faifansu Zarathustra, wanda suka gina a kan littafin masanin falsafa Nietzsche, waƙar farko ta cinye fuska guda. A jikin kwalin, cikin haɗe-haɗen hotuna, akwai fuskar Mussolini. Italiya a lokacin tana cikin rikicin siyasa mai zubar da jini tsakanin 'yan ra'ayin gurguzu da masu kewar mulkin fasist, don haka ba wanda ya tsaya jin bayani. Aka yi musu kallon 'yan fasist, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, RAI, ya ƙaurace musu, ba a jima ba ƙungiyar ta watse. Faifan da yau ake lissafa shi a sahun gaba na duk abin da Italiya ta yi a wannan fanni, a ƙasarsa bai sami mai saye ba.

Waɗanda suka ceto shi ba Italiyawa ba ne, Japanawa ne. Daga ƙarshen shekarun 1970 kamfanin King Records na Tokyo ya shiga sayen izini yana sake buga fayafayan Turai da Turawa suka watsar, da kwali irin na asali da takardar bayani cikin Japananci. Daga baya a Seoul ta Koriya ta Kudu, wani mai gabatar da shirin rediyo, Seong Si-wan, ya kafa kamfanin Si-Wan yana yin irin wannan aiki. Aka kai lokacin da saurayi a Milan, in yana son jin kiɗan da aka yi a garinsu shekara goma sha biyar baya, sai ya yi odarsa daga Japan.

Labarin ƙungiyar Comus ya fi taɓa zuciya. Ɗaliban zane ne a kudancin Landan, abokan mawaƙi David Bowie tun kafin ya yi suna. Faifansu First Utterance na 1971 babu jitar lantarki mai ruri a ciki, goge ne da sarewa da ƙananan ganguna da muryoyi masu tayar da tsikar jiki, waƙoƙin kuma kan hauka da kisa. A zamanin da ake waƙar furanni da zaman lafiya, wa zai saya? Sunansu yana cikin jerin nan na 1979, kuma daga hannu zuwa hannu faifan ya isa ga wani matashi ɗan Suwidin, Mikael Åkerfeldt, jagoran ƙungiyar Opeth. Bai gaji da ambatonsu a hirarrakinsa ba har magoya bayansa suka shiga nema. A 2008 aka lallashi 'yan Comus, waɗanda furfura ta riga ta kama, suka sake haɗuwa suka yi wasa a wani biki da aka shirya cikin jirgin ruwa da ya tashi daga Stockholm. A 2012 suka fitar da sabon faifai.

Hannu zuwa hannu

In aka duba waɗannan labarai za a ga abu ɗaya: kamfanin da ya mallaki faifai kusan bai taɓa zama shi ne mai farfaɗo da shi ba. Mai sauraro ne. Kafin intanet, harkar ta kaset ce da gidan waya. Mai faifai ɗaya tilo a garinsu zai kwafa a kaset ya aika wa wani a wata ƙasa, shi kuma ya rama masa da abin da yake da shi. Kwafi daga kwafi daga kwafi, har sauti ya dusashe, amma ana ji. Ga ƙananan mujallu da ake bugawa a ɗaki, ga takardun farashi da dillalai ke aikawa. A 1995 mawaƙin Ingila Julian Cope ya wallafa ɗan littafi, Krautrocksampler, kan kiɗan gwaji na Jamus ta Yamma, ya jera fayafayai 50 da ya fi so. Littafin cike yake da zumuɗi, yana da kurakurai, shi kansa marubucin ya ƙi yarda a sake buga shi, amma ya sa sabon zubi na matasa sun bazama nema.

Sai dai da yawa daga abin da suke nema ba ya kasuwa ta halal. Misali Neu!, wato Klaus Dinger da Michael Rother na Düsseldorf, waɗanda suka bar ƙungiyar Kraftwerk suka yi fayafayai uku a 1972 da 1973 da 1975. A na biyun kuɗi ya ƙare musu a tsakiyar aiki, sai suka cika fuska ta biyu da waƙoƙi biyun da suka riga suka fitar, suna juya su da sauri, suna juya su a hankali. A lokacin an ce ha'inci ne, yau ana cewa sun riga zamaninsu. Mutanen biyu sun ɓata da juna, shekara da shekaru ba su daidaita kan sake bugawa ba. Masu satar fasaha suka cike gurbin, wani kamfanin bogi mai suna Germanofon ya cika shaguna da sidi na jabu da aka kwafo daga tsohon faifai. Sai a 2001 mawaƙin Jamus Herbert Grönemeyer ya sasanta su, ya fitar da na gaskiya a kamfaninsa Grönland.

A nan ne maganar take da ƙaiƙayi. Ba don jabun ba, da ƙila sunan Neu! bai kai 2001 da ƙarfin da zai sa wani ya zuba kuɗinsa ba. Amma ko sisi daga cinikin jabun bai shiga aljihun Dinger da Rother ba. Haka ma in kwafin asali ya yi dubban fam a gwanjo, mai sayarwa ne da dillali ke rabawa, wanda ya kaɗa jitar ba shi da kaso. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu musayar kiɗa kyauta sukan ce su ƙauna ce ta sa su, kuma gaskiyarsu ne, amma ƙauna ba ta biya wa tsohon makaɗi kuɗin asibiti. Kamfanin da ya cancanci yabo a wannan harka shi ne wanda zai ɓata wata da watanni yana neman mai kiɗan ko magadansa, a sa hannu a takarda, kafin injin bugawa ya motsa.

Ga kuma matsalar uwar kaset, wato babban zaren da aka ɗauki kiɗan a kai tun asali. Wasu zarurrukan na shekarun 1970 da 1980 suna shan danshi su yi danƙo, in aka ɗora su a inji sai fuskar da ke riƙe da sautin ta saɓule. Dabarar da injiniyoyi suka gano ita ce a gasa zaren a tanda mai ɗumi kaɗan, wajen digiri 50 zuwa 55, na sa'o'i da yawa, sannan a yi maza a kwafe kafin ya koma gidan jiya. Wannan in zaren yana nan ke nan. A watan Yunin 2008 gobara ta cinye wani rumbun ajiya na kamfanin Universal a Kalifoniya, kuma sai a 2019 binciken jaridar New York Times ya fito da girman asarar. In haka ta faru ga babban kamfani a Amurka, sai a ƙiyasta makomar zaren ƙaramin sitidiyo da ya rufe tun 1976. Sau da yawa abin da ake ji a sabon bugu daga tsohon faifai ɗaya aka kwafo shi, aka goge ƙarar allura da kwamfuta.

Da masu tono suka juyo Afirka

Da aka gama kakkaɓe rumbunan Turai, idanu suka koma Turkiyya da Barazil da Afirka. A Zambiya ta shekarun 1970, Shugaba Kenneth Kaunda ya ba da umarnin kashi 95 cikin ɗari na kiɗan da ake sawa a rediyo ya zama na gida. Matasan yankin ma'adinan tagulla suka samu fili, suka haifar da abin da ake kira Zamrock: ƙungiyoyi irin su WITCH da Amanaz da Ngozi Family. Farashin tagulla ya faɗi, tattalin arziki ya durƙushe, cutar ƙanjamau ta kwashe makaɗa da yawa. Cikin ainihin 'yan WITCH na farko, Emmanuel Chanda da ake kira Jagari shi kaɗai ya rage, a lokacin yana haƙar duwatsu masu daraja a daji. Kamfanin Now-Again na Los Angeles ya tattara fayafayansu ya fitar a 2012, aka yi fim a kansa a 2019, sannan a 2023 WITCH ta fitar da Zango, sabon faifanta na farko cikin shekara 39. A Najeriya ma an tono kiɗan rok na bayan yaƙin basasa: BLO da faifansu Chapter One, da Ofege, 'yan makarantar St Gregory's ta Legas da suka yi Try and Love suna ɗalibai. Kamfanin Soundway ya fitar da tarin Nigeria Rock Special a 2008.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Mamman Sani Abdoulaye na Yamai. Yana aiki da UNESCO a 1974 ya ga wani wakili daga Ruwanda da ogan na lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya matsa masa har ya sayar masa. Ya koya wa kansa, ya riƙa juya waƙoƙin gargajiya na Fulani Wodaɓe da Buzaye da sauran al'ummun Nijar zuwa sautin na'ura mai tafiya a hankali. A 1978 ya shiga sitidiyon gidan rediyon ƙasa ya ɗauki kaset, tare da haɗin gwiwar ma'aikatar al'adu, amma kwafi kaɗan ne suka fita. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a Portland, ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, ya nemo mai shi, ya buga shi a faifai a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger. Wasu biyu suka biyo baya, Taaritt da kuma tarin abin da ya ɗauka tsakanin 1981 da 1984 wanda bai taɓa fita kasuwa ba.

Jaridun Turai sun rubuta cewa an gano wani ɓoyayyen gwani. Mutumin Yamai ko Maraɗi ko Damagaram zai yi murmushi, domin fiye da shekara talatin kiɗan Mamman Sani ne ake sawa tsakanin shiri da shiri a rediyo da talabijin na Nijar. Yara sun tashi da shi a kunne, ko da ba su san sunan mai shi ba. Kiɗan bai je ko'ina ba. Kantunan Landan da Balin ne ba su da shi. Wannan ba ya rage wa Kirkley lada, shi da tun a 2011 ya tattara waƙoƙin da matasan Sahara ke tura wa juna daga waya zuwa waya, ya bi sawun masu su don a biya su, kuma ta nan duniya ta fara jin makaɗi Mdou Moctar. Amma yana da kyau mu lura da wanda ke da ikon cewa abu ya ɓata, da wanda ke da kuɗin cewa an same shi. Ko a Italiya haka ne, ko a Zambiya haka ne: wanda ke zaune kusa da kiɗan ba shi ne ke sa masa farashi ba.

Kuma ba kowane makaɗi ke son a tono shi ba. William Onyeabor na Inugu ya fitar da fayafayai da kuɗinsa tsakanin 1977 da 1985, a kamfaninsa Wilfilms, da na'urorin lantarki irin waɗanda a lokacin ko a Turai sai manyan sitidiyo. Daga nan ya tsunduma cikin addinin Kirista da kasuwancinsa, ya rufe babin kiɗa. Kamfanin Luaka Bop, wanda David Byrne ya kafa a New York, ya shafe shekaru yana zarya kafin ya yarda a sake buga wasu waƙoƙinsa, kuma ko da ya yarda bai buɗe baki kan tarihinsa ba, shi ya sa tarin da ya fito a 2013 aka sa masa suna da tambaya, Who Is William Onyeabor? Shekara mai zuwa aka haɗa ƙungiya ta manyan makaɗa, ciki har da Byrne da Damon Albarn, ƙarƙashin jagorancin Ahmed Gallab ɗan asalin Sudan, suka riƙa kaɗa waƙoƙinsa a Landan da New York, zaure cike maƙil. Mai waƙoƙin bai halarta ba. Ya rasu a Inugu a watan Janairun 2017 yana da shekara 70, bai hau dandamalin ko sau ɗaya ba.